Ranar da Malam Isyaku Ya Ba Ni Aron Ɗansa

Da kakar bana shekara tara ke nan da muka binne Malam Isyaku, malamin ba da shawara na sakandaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta. Ana tsakiyar yankan dawa ya tafi, shi ya sa duk shekara da na ga an fara jingine kara a gonaki sai ya faɗo mini a rai. Wanda ya ga ina tsokanar mamaci a wannan rubutu, kada ya yi saurin cewa tsohon nan ba shi da ta-ido. Taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina ce, saboda haka tun muna yawo ba wando aka halatta mini zolayarsa, kuma har yau ban ji malamin da ya ce mutuwa tana yanke wasan taubasai ba.

Ni sunana Sale, sana'ata saye da sayar da hatsi. Tare aka sa mu firamare da shi. Ni da na gama na ga abin ya ishe ni haka, na kama mudu. Shi ya zarce kwalejin horon malamai, ya dawo da tabarau da tafiyar a-hankali. Ya yi shekaru yana koyarwa kafin a aiko daga sama cewa kowace makaranta ta ware malami ɗaya da zai riƙa ba ɗalibai shawara kan karatu da sana'ar da za su kama. Aiki ne da ba a ƙara wa mutum komai a kansa sai ciwon baki, don haka duk malamai suka sunkuyar da kai kamar ana neman wanda zai shiga rijiya. Isyaku ya makara zuwa taron, ya iso ya tarar an zaɓe shi baki ɗaya.

Ɗakin da aka ba shi da can ma'ajiyar fartanyu ce. Ya share, ya sa tebur da kujera da benci, ya ajiye wani faranti da ba ya rabuwa da soyayyar gyaɗa. Da labari ya shiga gari cewa akwai malamin da ke zama a ɗaki shi kaɗai, ana shigar masa da yaro ya faɗi abin da ke gabansa, sai mutanenmu suka fahimci abin yadda suka saba. Wata tsohuwa ta aiko masa da farin zakara, a duba mata ko jikanta zai yi sarauta. Wani kuma ya zo da kansa, ya ce shi ba maganar yaro ta kawo shi ba, jakinsa ne ya ɓata. Isyaku ya yi ta rantsuwa shi ba duba yake yi ba. Zakaran dai ni na taimaka masa da shi, don kada ya zauna da shubuha a gida.

Amma aikin ya dace da shi. Ba ya tambayar yaro me kake so ka zama, don ya ce in ka tambayi aji guda, rabi likitoci ne, rabi gwamnoni, ba wanda zai noma musu abin da za su ci. Kallo yake yi. Yakan tsaya bakin filin ƙwallo ya ga wane ne ke raba faɗa, wane ne ke haddasa shi. Ya san yarinyar da ƙannenta ba sa kuka in ita ta raba musu abinci, ya san yaron da ya warware rediyon ubansa, ya sha duka, ya sake warwarewa. Yakan ce shi ba ya gaya wa yaro abin da zai zama, wannan sanin na Allah ne, abin da ya gani a hannun yaro shi yake nuna masa. Inda ya fi suna kuwa shi ne wajen waɗanda suka faɗi jarrabawa. Duk wanda ya faɗi sai ya kira shi ɗakin nan, ya tura masa farantin gyaɗa, su daɗe suna magana. Yaro zai shiga kamar kazar da ruwa ya doka, ya fito yana tauna, kansa a sama.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yaran yau, da kowannensu ke yawo da malamin shawararsa a aljihu. Jikana ya wuni yana dangwala waya da yatsa, na ce me kake yi, ya ce haƙar kuɗi yake. Na leƙa ban ga rami ba, ban ga ƙasa ba. Ɗan maƙwabcina kuma ya ce sana'ar da ya zaɓa ita ce ya riƙa magana a bidiyo mutane suna binsa. Na ce su bi ka zuwa ina, ya ce ba ko'ina. Na san Isyaku ba zai yi musu faɗa irin nawa ba. Zai zauna kusa da mai dangwalar nan ya yi ta kallo, ƙarshe ya ce yaron yana da naci, a nema masa inda naci ke da amfani. Wannan haƙurin nasa shi ya fi ba ni haushi yana raye, shi kuma na fi kewa yanzu.

To amma wanzami ba ya son jarfa. Akwai ɗalibi ɗaya a makarantar nan da Malam Isyaku bai taɓa zama da shi ba, shi ne Nasiru, ɗansa na fari.

Sai na yi wa 'yan zamani bayani, don na ga yanzu uba yana ƙwala wa ɗan farinsa kira da sunansa a tsakiyar kasuwa, ko a jikinsa. A namu tashin ɗan fari ɗan kunya ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka zama ku yi hira, in an yabe shi a gabanka sai ka kama kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kara ce ake yi wa iyaye, a nuna musu ɗan nasu ne. Tun da aka yaye Nasiru aka miƙa shi ɗakin Gwaggo Dije, ita kuwa Gwaggo ba a wasa da al'ada a gabanta. Isyaku ya karanta littattafan da suka ce uba ya ja ɗansa a jiki, yana ma gaya wa iyayen wasu haka, amma a gidansu idonsa da na Nasiru ba sa haɗuwa. In da ni yake magana sai ya ce mutumin naka. A aji kuwa, in yana kiran suna ya zo kan nasa, sai ya yi ɗan tari ya wuce. Nasiru ya amsa tarin.

Sai dai bakin ne kawai ya yi kunya, idon bai yi ba. Duk abin da yaron yake ciki ya sani. Da Nasiru ya shiga sakandare, sai Isyaku ya fara zuwa rumfata bayan la'asar, ya zauna kan buhun gero, ya yi ta kewaye-kewaye kan yadda kasuwa take, alhali ko tiya bai taɓa saya a wurina ba. Can sai ya ce mutumin naka ya fara sakaci da lissafi, da za ka ja masa kunne. Ya biya mini abin da zan faɗa, jimla bayan jimla, har in haddace. In zai tashi ya ce in nuna wa yaron ra'ayina ne, kada sunansa ya fito.

Na karɓi aikin da hannu biyu, don ban taɓa samun damar zama mai ilimi a arha haka ba. Sai in aika a kira mini Nasiru, in gyara zama, in yi gyaran murya, in zuba masa bayani kan muhimmancin lissafi ga mai son kimiyya, har ni kaina ina mamakin kaina. Matsalar ɗaya ce, yaron yana da tambaya. Ina rufe baki sai ya ce, to Baffa, tsakanin darasin noma da na fasaha wanne ya kamata in fi ba ƙarfi? Nan fa ake yin ta, don abin da aka ɗora mini ya ƙare. Sai in ce tambaya ce mai kyau, amma bari in sabunta alwala. In zaga ta bayan rumfa, in haye keke, in je in sami Isyaku, in dawo ina haki, da amsa a bakina da ƙafafuna a bushe.

Haka muka yi ta yi har Gwaggo ta fara ba da misali da ni a cikin gida, wai Nasiru ya ce bai taɓa ganin mai son alwala irin Baffa Sale ba. Mutanen gari kuma da suka ga ɗan malamin shawara guda wurina yake zuwa, suka ce ruwa ba ya tsami banza, suka fara kawo mini nasu 'ya'yan. Ban kori kowa ba. Duk wanda aka kawo sai in ce ya rage barci ya ƙara karatu, shawarar da ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Wata rana na miƙe zan tafi alwalata, sai Nasiru ya ce cikin ladabi, kansa a ƙasa:

"Baffa, in ka je alwalar, ka haɗa da tambaya ta biyu, don kada ka yi sawu biyu cikin wannan rana."

Kifi na ganinka, mai jar koma. Da na kai wa Isyaku labari ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, sannan ya ce in ci gaba kamar ba a yi ba. Daga ranar mu uku muka san gaskiya, ba kuma wanda ya faɗe ta. Uba yana da abin faɗa, ɗa yana da abin tambaya, ni da kekena muna tsakiya. Na ɗauka haka za mu ƙare lafiya.

Sai shekarar da Nasiru ya kai aji uku, ya zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana, wadda a wajenmu duk yaron da ya samu shiga ana ganin ya riga ya zama likita, allura kawai ta rage a miƙa masa. Ba wanda ya yi shakkar Nasiru. Ɗan malamin shawara ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gwaggo ta sa an yi ƙuli-ƙuli, ta sayi akwatin ƙarfe, ta fara yi wa maƙwabta sallama a madadinsa. Sakamako ya fito, abokansa sun samu, shi bai samu ba.

Malam Isyaku ya yi abin da ya saba. Ya bi waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya yana kira, gyaɗa tana ƙarewa ana ƙarowa. Akwai wata darbejiya da ke kallon ƙofar ofishin, a gindinta Nasiru ya riƙa zama in an tashi shan iska, yana ganin masu shiga da masu fita. Aka gama da kowa ba a kira shi ba. Da la'asar Isyaku ya zo rumfata da saƙo mai tsawo, mai kyau kuwa, na haddace shi tsaf. Na aika aka kira yaron, na gyara murya, ko jimlar farko ban kai ƙarshenta ba ya ɗago kai. Ban taɓa ganin ya katse babba ba sai ranar.

"Baffa, ka yi haƙuri, wannan karon ba na son na aike. Kowa an kira shi. Har Ɗanlami, da bai rubuta komai a takardar ba sai sunansa, an kira shi an ba shi gyaɗa. Ni ba ɗalibin makarantar ba ne?"

Na buɗe baki, na ga wannan tambayar ba alwalar da za ta amsa ta. Ya ce ya riga ya gama magana da wani direban babbar mota mai kai shanu Kudu, zai ɗauke shi yaron mota, ran kasuwar Ɗambatta mai zuwa za su tashi. Ya ce tunda mai aikin duba yara ya duba kowa ya sami abin faɗa, shi ya duba bai ga komai ba, to zaman aji ya ƙare masa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Na san jinin gidan, in suka faɗi magana a hankali sun gama yanke ta.

Ranar da ƙafa na tafi, don in sami lokacin shirya faɗa. Na sami Isyaku a zaurensa na sauke masa duk abin da ke cikina, ba wasa a ciki, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ka gyara 'ya'yan gari kaf, naka zai bi shanu Kudu saboda kana jin nauyin tsohuwa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba Gwaggo ba ce kaɗai, ba kuma bakin mutane ba ne. Shi ma ɗan fari ne, har mahaifinsa ya rasu bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, bai san yadda ake yi ba. Ya ce ya sha shirya maganar a ransa, da ya hango yaron tafe sai harshensa ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na dube shi, mutumin da ke sa ɗan wani dariya ranar da ya faɗi jarrabawa, yana zaune yana murza hula. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Daga nan na shiga wurin Gwaggo ko za ta sassauta. Na tarar da ita gaban akwatin ƙarfen nan tana kuka. Na ce to ki ba shi izini mana ya kira yaron su zauna. Ta share hawaye ta ce Allah ya kiyaye, tana raye ba za a yi wannan fitsarar a gidanta ba, ta sa fuskarta ina? Ta koma kukanta. Ina shirin fita sai na ji tana gaya wa akwatin cewa da ɗan wani ne, ai da tuni malamin nan ya gyara shi. Na dawo zaure na maimaita wa Isyaku maganar, don dai in ƙara masa zafi. Sai na ga ya daina murza hular. Ya ɗago kai ya ce:

"Sale, gobe da hantsi ka zo ofis da ɗanka. Ka sa babbar riga."

Na ce wane ɗan, ni da Allah ya ba 'ya'ya mata zalla? Ya dube ni ta saman tabarau har na gane.

Washegari na fito da rigar sallata, na kafa hula, na je na sami Nasiru yana ba tumakin Gwaggo harawa. Na ce malamin shawara ya ce in kawo ka. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya wanke hannu ya biyo ni. Muna shiga makaranta yara suka yi ta leƙe ta taga, sun ɗauka wani babba ne ya zo daga ƙaramar hukuma.

Malam Isyaku ya miƙe ya tarbe ni kamar bai taɓa ganina ba, mutumin da muka sha duka tare a kan satar mangwaro. Ya ce sannu da zuwa Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya nuna mana benci. Ya ce wannan ne yaron? Na ce shi ne. Ya ce yaya sunansa? Na ce Nasiru. Ya gyaɗa kai ya ce suna mai kyau, wanda ya zaɓa ya iya zaɓe. Na danne dariya, don na san wanda ya zaɓa. Ya turo farantin gyaɗa tsakiyar tebur, ya ɗan ƙara matsar da shi wajen yaron.

Daga nan ya fara, idonsa a kaina, bai waiwaya gefe ba. Ya ce Alhaji, jarrabawar da yaronka ya faɗi tsere ce, shi kuwa ba ɗan tsere ba ne. Yaro ne da ba ya barin tambaya sai ya ga ƙarshenta, shi ya sa lokaci ya ƙure masa, kuma halin da ya kayar da shi a ɗakin jarrabawa shi zai tashe shi a wani wurin. Ya kawo maganar wani ɗan akuya da ya karye, kowa ya ce a yanka, yaron ya ɗaure masa ƙafa da kara da tsumma, ya yi ta jinya har ya taka. Ya kawo ta tunkiyar da ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura, yaron ya wuni a kanta bai ci abinci ba. Abubuwan da ni mai zama da yaron kullum ban riƙe ba, shi da ba ya kallonsa duk ya tara su. Ya ce kimiyyar da ake koyarwa a makarantar kwana akwai ta a nan ko da ba kayan gwaji, kuma akwai karatun lafiyar dabbobi a gaba, a ƙasar da kowane gida da abin kiwonsa. Ya ce mai irin wannan hannu bai kamata ya ƙare a rakiyar shanu mayanka ba.

Zance ya yi masa daɗi har ya manta dalilin babbar rigata, ya ce ai tun yaron nan yana rarrafe yake lura da shi. Na ce ikon Allah, Malam, ashe ka daɗe da sanin ɗan nawa. Ya harare ni harara mai nufin za mu haɗu a waje. Sannan ya cire tabarau ya ajiye a tebur, muryarsa ta sauka.

"Alhaji, ni dai malami ne, yara da yawa sun bi ta ɗakin nan. Amma da a ce ni Allah ya ba wa ɗa irin wannan, da ban ƙara roƙonsa wani abu ba a duniya. Ka gaya masa haka."

Ban gaya masa ba, don yana zaune kafaɗarsa tana gogar tawa, ya ji da kunnensa.

Motar shanu ta tashi ran kasuwa ba Nasiru. Ya koma aji, ya yi kimiyyarsa a makarantar ƙauye, ya wuce ya karanci lafiyar dabbobi. Yau in ka shiga kasuwar dabbobi ka ce ina likita, shi za a nuna maka, da dogon takalmin roba, hannunsa cikin bakin wani sa. Kada kuma mai karatu ya zaci ranar nan ta canza Isyaku. Washegari ya dawo kan buhun gerona yana cewa mutumin naka, haka kuma ya ci gaba har ya koma ga Allah. Gwaggo ta rasu tana alfahari cewa a gidanta ba a taɓa keta al'ada ba, ba kuma wanda ya yi mata gardama. Na taɓa ce masa ɗan da ka ba ni a ofis fa ban mayar ba. Ya ce in riƙe, amma in sani aro ne.

Yanzu Nasiru yana da 'yar fari a sakandare. Kwanaki na je gidansa na tarar sun baje littattafai a tabarma, yana kiran sunanta gatsal, tana yi masa musu kan wani lissafi. Na tsaya bakin ƙofa ina tunanin me Isyaku zai yi da ya ga wannan. Na san zai tamke fuska ya ce zamani ya lalace, don kada a ce. Na kuma san in ya koma gida abin zai daɗe a ransa, don abin da ya so ya yi ke nan bai iya ba. Ba na cikin masu zagin abin da iyayenmu suka ɗora mu a kai. Kunyar nan ta koya mana ganin girman na gaba, amma ta sa maza da yawa sun shiga kabari da maganar da 'ya'yansu suka yi ta jira. Isyaku ya fi su sa'a, ya sami ƙofar baya.

Ɗalibansa sun watsu cikin duniya. Akwai malaman asibiti, akwai masu gyaran waya, akwai manoman da suka san dalilin da ya sa suka zaɓi noma. In mun haɗu sukan faɗa mini abin da ya gaya musu, kowa da jimlar da ya riƙe, kuma ina ganin wannan shi ne gadon da ya bari. Ni tawa ba jimla ba ce, kalma ɗaya ce, kuma ba ni aka faɗa wa ba.

A ranar nan a ofis aka faɗe ta, bayan Isyaku ya gama magana. Nasiru, da ya tashi a ɗakin kaka, bai taɓa kiran mahaifinsa da komai ba sai Malam, kamar sauran ɗalibai. Kansa a sunkuye ya ɗan juyo wajena, tunda ni ne uba a ranar, ya ce a hankali, "Baba." Na gyara riga, na buɗe baki zan cika aikin da aka ɗauke ni. Kafin in ce komai, daga ɗaya gefen teburin na ji an ce:

"Na'am."

Allah ya jiƙan taubashina, ya amsa masa yadda ya amsa wa ɗansa.